Gobe Babana Zai Dafa Alƙur'ani Kan Ramin Da Ni Na Haƙa

Assalamu alaikum mai shafi, da ku masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana da na garinmu, ku dai sani ƙasar Faskari muke, ba nisa da Sheme. Yanzun nan na baro ƙofar gidan mai unguwa, ko gida ban shiga ba na hawo dutsen bayan gari inda sabis ya fi ƙarfi, daga nan nake rubutun nan. An gama magana. Gobe Juma'a in an sauko daga masallaci babana zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, ya rantse cewa ba shi ba ne, ba kuma wani ɗan gidansa ba ne ya haƙa ramin da ya karya ƙafar san maƙwabcinmu. To ni na haƙa shi. Da hannuna, da digar gidanmu. Baba bai sani ba, ba wanda ya sani a duniya sai ku da nake gaya mawa yanzu.

Wanda ya san zagi ne ya kawo shi, ya wuce don Allah, na ƙoshi da shi tun a gida. Kada kuma wani ya zo mani da maganar in za ka haƙa ramin mugunta haƙa shi gajere. Gajeren na haƙa, ko gwiwata bai kai ba, ga inda ya kawo ni. Ku ji yadda aka yi tukuna sannan ku yanke.

Shekarata ashirin da uku. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare, ba korata aka yi ba, zaman benci ne ba na iyawa. Na yi Funtua, na yi Kaduna, na tura baro a kasuwa, na yi acaba da mashin ɗin wani, ƙarshe na dawo gida da jaka ɗaya da waya mai fasasshen gilashi. Bana Baba ya ce yawo ya isa haka. Ya yanka mani gayauna a gefen gonarmu, wato 'yar gonar da uba ke ba ɗansa ya noma ma kansa in an tashi daga aikin gandu, abin da ta bayar nashi ne shi kaɗai. Kunyoyi goma sha huɗu ne, dogaye. Na ce waken suya zan zuba. Ku yi dariya in kun so, amma tun da aka haife ni ban taɓa samun abin da aka nuna aka ce wannan naka ne ba sai wurin nan. Har kwana na riƙa yi ina lissafin buhunan da ban shuka ba.

Maƙwabcin namu zan kira shi Malam Iro, ba sunansa ba ne. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nashi, gonarsa kuma tana bayan tamu ta wajen rafi. Yana da shanun huɗa biyu, ja da baƙi, da amalanke, da su yake ci yake sha. Asalin hanyar gonarsa ta zagaya ne ta bakin daji, kuma ba sai na gaya maku abin da ke bakin dajinmu yanzu ba, ba mai bin wurin da shanu sai wanda ya gaji da su. Na san wannan. Ban ce ba shi da dalili ba. Amma mutumin nan bakinsa ya fi barkono, ba ya iya ce maka sannu bai haɗa da wata magana a ƙasa ba.

Da bazara, kafin ruwa ya sauka, ya shigo zaurenmu da goro a ganye. Ina zaune a gefe ina sa ma fartanya ƙota. Ya ce ma Baba, “Malam, aron hanya na zo yi. Damina ɗaya tak, faɗin amalanke, in kai taki in ɗauko amfani.” Baba ko tunani bai yi ba, ya ce, “Haba Malam Iro, har sai ka kawo goro? Ƙasa ai ta Allah ce. Bi abinka.” Ni kuwa na san gonar kamar tafin hannuna, na san ba inda amalanke za ta ratsa ta isa wurinsa sai ta tsakiyar gayaunata. Na ce, “Baba, ta wurina fa za ta bi.” Bai ko juyo ba, ya ce, “Manya na magana.” Sai Malam Iro ya dube ni ya yi wani murmushi ya ce, “Au, har ya yi gona? Barka, barka. Ni na ɗauka Kaduna za a koma tura baro.” Suka yi dariya su biyu. Babana ya yi dariya.

Ku mutanen birni ba za ku gane ba, za ku ce mene ne abin tashin hankali a hanya. A wurinmu kowa ya san ba a aron hanya. In ƙafa ta bi wuri damina ɗaya, ta sake bi ta biyu, ranar da ka toshe a ta uku kai ne azzalumi, dattawa za su taru su ce ai nan hanya ce tun da. Hanyar da motocin masara ke bi yau su fita titin Sheme tsakiyar gonar kakana ce, wani mai jaki ya ara damina ɗaya. Baba da kansa ya ba ni labarin. To me ya sa da aka zo kaina ya manta? Don ba gandu aka taɓa ba, gayaunar ɗan yawo ce?

Na haƙura, na bar mashi kunya biyu ban shuka ba. Wallahi na bari. Ruwa ya sauka, wakena ya fito kore shar, in ka gani sai ka ji kamar ka kwanta a ciki. Sai amalanke ta fara wucewa. In wuri ya yi laka sai ya kauce ya hau kunya ta uku, gobe ta huɗu, tayar ta niƙe shuka ta mai da ita taɓo. Wannan duk mai sauƙi ne. Shanun nan ba takunkumi a bakinsu, suna tafiya suna kai baki hagu da dama, kowane wucewa sai sun aske mani kan wake kamar wanzami. Ran nan na tare shi, na gaishe shi har da rusunawa, na ce, “Malam, don Allah ka riƙa sa masu takunkumi in za ku ratsa nan.” Bai ko ja igiya ya tsaya ba. Daga kan amalanke ya ce, “Kai wa? Da mai gona na yi magana. Gayauna ai ita ma aro ce, yaro. Ni ɗan aro, kai ɗan aro, wa zai kafa ma wani doka?” Ya kaɗa shanunsa ya wuce, jan san yana tauna wakena.

Na kai ƙara wurin Baba, ya ce, “Kunya biyu ce za ta hana ka arziki? Maƙwabci fa ake magana.” Na ce huɗu ce yanzu. Ya ce in tashi in ba shi wuri. To da na ga ba mai tsaya mani, sai na saro ƙaya na jera a gefen hanyar, ba a kanta ba, gefe kawai, don shanun su daina kai baki. Kun san abin da tsohon nan ya yi? Ya kwashe ƙayar tas ya loda a amalanke, ya kawo ta ƙofar gidanmu da la'asar, lokacin da majalisa ta cika, ya zube ya ce, “Malam, ga kayan ɗanka ya manta a hanya.” A gaban mutane Baba ya kira ni ya ce in durƙusa in ba Malam Iro haƙuri. Na durƙusa. Gwiwa biyu a ƙasa, abokaina na kallo daga teburin mai shayi. Malam Iro ya dafa kaina ya ce, “Ba komai, rashin karatu ne.” Ku gaya mani tsakaninku da Allah, wane ne a cikinku zai tashi daga wurin nan zuciyarsa fara?

Ranar kasuwar Sheme aka tashi da ruwa tun safe, gari ya watse, masu kasuwa sun tafi, sauran suna ɗaki. Na ɗauki diga da buhu na fita kamar zan duba shuka. Akwai wani ɗan kwari a hanyar inda ruwa ke kwanciya kullum. Nan na haƙa. Na rantse da wanda raina ke hannunsa tayar amalanke na nufa. So nake ta faɗa ta kafe, ya sauko ya sauke kaya a cikin taɓo, ya sha wahala rana ɗaya, ko ya ce hanyar ba ta biyuwa ya nemi wata. Ƙasar da na fitar na riƙa ɗurawa a buhu ina kaiwa rafi, sahu biyar na yi. Kafin in gama ruwa ya cika ramin, ya koma kamar kowane kududdufi. Na wanke digar na mai da ita bayan rumbu. Ranar har tuwo na ƙara, don daɗin da nake ji.

Washegari da hantsi muna gandu ni da Baba muna cire ciyawa sai muka ji wata ƙara kamar an karya icce, sai kukan sa, sai salatin Malam Iro. Ban taɓa tunanin cewa kafin taya ta iso wuri, ƙafar sa ce ke fara isowa ba. Ni da nake ganin kaina mai wayo. Baba ya jefar da fartanya ya ruga, tsoho da shi, ni ma na bi shi don in na tsaya za a gane. Jan san ne. Ƙafar gaba ta shige, nauyin buhunan taki ya turo shi, ƙashin ya fito waje fari. Yana ta ƙoƙarin tashi yana faɗuwa, karkiya ta shaƙe ɗan'uwansa. Malam Iro ya zauna daɓas a cikin laka ya riƙe kan san yana cewa, “Sannu, sannu, yi haƙuri,” kamar da mutum yake. Aka kira mahauci. Babana ne ya danne wuyan aka yanka. Ni aka ba igiyar baƙin na riƙe.

Kamar yadda aka saba in irin haka ta faru, aka yi watanda, kowane gida ya ɗauki kashi don a rage mashi asara. Baba ya ɗauki biyu. Innata ta yi miya da shi, aka ajiye mani kwano, tana cewa in ci, rabonmu da nama tun Layya. Na ci. Me zan ce, ba na ci? Baƙin san kuwa yana ɗaure a bayan katangarmu, wuni yake yana kuka yana neman ɗan'uwansa, kuma sa ɗaya ba ya jan garma, ba ya jan amalanke. Lokacin ban ƙasa ne, lokacin da ake tura ƙasa gindin shuka da garmar shanu. Masarar Malam Iro ta kai ƙugu, yana can yana yi mata da hannu, mutum mai furfura. San nake tausayi, kada ku ce shi. Amma na daina bin ta inda zan hango shi.

Na ɗauka shi ke nan, an ce tsautsayi, an ce ruwa ne ya zaizaye wurin. Sai aka yi kwana uku ana rana, ruwan ya janye. Da yamma sai ga Malam Iro a ƙofar gida, ko sallama bai yi ba. Ya ce, “Malam, fito ka gaya mani, yaushe ruwa ya fara haƙa rami mai kusurwa huɗu? Yaushe ruwa ya fara barin sawun haƙorin diga?” Baba ya ce me yake nufi. Ya ce, “Ina nufin an ba ni hanya da baki an haƙa mani kabari da hannu. Da ka ce mani a'a tun a zaure, da ya fi wannan munafunci.” Shekara talatin suna sahu ɗaya a masallaci, ya kira babana munafuki matan gida na ji.

Bayan ya tafi Baba ya kira ni ɗakinsa ya rufe ƙofa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, “Sau ɗaya zan tambaye ka. Kai ne?” A nan ne ya kamata in faɗi. Na sani, ba sai kun gaya mani ba. Amma sai na tuna gwiwata a ƙasa ranar ƙaya, na ga in na amsa abin da zai biyo ya fi wancan sau goma. Na dubi idonsa na ce, “Wallahi Baba ba ni ba ne.” Ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Shi ke nan. Je ka.”

Yau aka zauna gaban mai unguwa. Mai unguwa ya yi ta lallashi, ya ce a bar ma Allah, dabba ta riga ta tafi, maƙwabtaka ta fi sa. Malam Iro ya ce shi bai yarda ba, ya nuna ni da sanda ya ce, “Wancan ɗan tashar nake so ya dafa littafi. In ya dafa na bar shi da shi.” Kafin in buɗe baki Baba ya miƙe ya ce, “Yaro ba ya rantsuwa ubansa na zaune. Gonata ce, gidana ne, ni aka kira munafuki, ni zan dafa. A kaina da duk wanda ke cin tuwon gidana.” Mai unguwa ya ce, “Malam, ka yi tunani, kai ka san zuciyarka, ba ka san ta wani ba.” Baba ya ce, “Ɗana ɗan yawo ne, na yarda. Bai yi karatu ba, na yarda. Amma na tambaye shi ya ce mani wallahi, kuma ban haifi maƙaryaci ba.” Tun da nake ban taɓa jin Baba ya tsaya mani a gaban mutane ba sai yau. Sai yau, a kan ƙarya.

Kun san yadda muke ɗaukar rantsuwa da Alƙur'ani a nan. Ba wasa ba ce. Akwai wani a unguwarmu da ya dafa kan rikicin iyaka, kafin kaka bakinsa ya karkace, har ya mutu yara na nuna shi ana cewa littafi ne ya ci shi. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, babana yana da hawan jini. In ya yi ko da ciwon kai ne bayan gobe, ni na san wa ya jawo. Da zan hawo nan na leƙa ta kan katanga, na ga Inna ta wanke mashi farar rigarsa ta Idi ta shanya. Da ita zai je.

Malamai na shafin nan, in mutum ya rantse a kan abin da ya yi imani gaskiya ne, alhali ƙarya aka yi mashi, wa abin zai kama, shi ko ni? In ni ne, na yarda, ya kama ni. Ba zan iya tambayar limaminmu ba, surukin Malam Iro ne. In na gaya ma Baba yau, bayan abin da ya faɗa gaban mai unguwa, da wane ido zai sake fita majalisa? Ina tsoron ya yi mani baki, kuma ina tsoron ya faɗi. In na gudu Kaduna, gudun kansa amsa laifi ne, kuma na bar shi shi kaɗai a cikin kunya. In na yi shiru, ya dafa. Kuma ta kowace hanya aka bi tsohon can ne zai ci riba, hanyar ma ta zama tashi har jikokinsa, don wa zai sake buɗe baki ya hana shi bayan wannan? Wannan ne ke ƙona mani rai. Shi ya fara, shi ya taka ni, amma ni ne zan zama mugun labarin da za a riƙa ba yara.

Akwai abin da ban gaya maku ba. Kafin in fara rubuto maku, ina hawowa dutsen nan, zuciya ta ɗebe ni na tura ma Malam Iro saƙo. Yana iya karatun boko, ya yi ajin yaƙi da jahilci. Har yanzu alama ɗaya ce a jikin saƙon, bai shiga ba, don na san wayarsa na wurin mai caji, sai bayan magariba yake karɓowa. Ina da dama in goge kafin nan, ba wanda zai san na taɓa rubutawa. Rana ta fara yin ja. Don Allah ku amsa da wuri, ban da wa'azi mai tsawo. In goge ko in bari? Me zan yi?

Ga abin da na tura mashi:

“Malam Iro, ni ne ɗan maƙwabcinka. Ni na haƙa ramin, ranar kasuwar Sheme. Baba bai san komai ba, ƙarya na yi mashi. Kada ka bari ya dafa littafin nan gobe. Ka je wurin mai unguwa ka ce ka janye, ka faɗi duk dalilin da ka ga dama. Zan yi maka ban ƙasar masararka da hannuna har ta ƙare, waken gayaunar ma in ya nuna ka kwashe duka, wanda shanunka suka rage. In duka ne ka dake ni, in kotu ce ka kai ni, amma ka bar tsohona. Kuma ka sani ba haƙuri nake ba ka ba, na riga na ba ka sau ɗaya da gwiwa biyu. Takunkumi kawai na roƙe ka.”